Baƙo a Gidan Ubansa

Tun daga 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, naira ta fara gangara, jami'o'in ƙasar nan suke zubar da malamai kamar bishiya a hunturu. Malamanmu ne suka fara tafiya, wasu Saudiyya, wasu Botsuwana, wasu Ingila da Amurka. Yanzu kuwa sa'o'inmu muke yi wa rakiya. To sai ga shi wasunsu suna dawo mana nan Bauchi, amma dawowar aro: wata biyu ko uku, su koyar, su duba kundin ɗalibai, su ci masa a Wunti, su koma. Tambayar da ake raɗawa a bayansu guda ce: nawa ake biyansa, wa ke biya, kuma da wane kuɗi?

Amsar tana cikin bizarsa. Mu ɗauki mai aiki a Amurka da izinin H-1B, wanda dokar shige da fice ta 1990 ta samar. Muddin yana can, wajibi ne mai gidansa ya biya shi abin da ya shaida wa ma'aikatar ƙwadago zai biya, kada kuma ya gaza abin da ake biyan tsararrakinsa a yankin. Da zarar jirgi ya sauke shi a Abuja, masana dokar galibi suna ganin wannan inuwa ta tsaya a can. Abin da ya rage masa shi ne yarjejeniyarsa da jami'arsa. Ribarsa ɗaya, kwanakin da ya yi a waje ba a cire su daga shekara 6 da izinin ya ba shi, yana iya neman a mayar masa. Na Ingila ya fi shi takura. In yana neman zaman dindindin, kada ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12, sai fa in bincike ya fito yi da yardar masu ɗaukar nauyinsa. Hutu ba albashi kuwa, in ya zarce mako 4 a shekara ba da uzurin da doka ta sani ba, izinin kansa na iya salwanta.

Gida ma ba ta ƙyale shi ba. Dokar harajinmu ta 1993 ta kafa iyakar kwana 183: wanda ya kai su yana aiki a Nijeriya, albashinsa ya shiga hannun masu haraji, ko da daga waje ake biyansa. Da Ingila muna da yarjejeniya tun 1987 ta hana karɓar haraji sau biyu, da Amurka babu. Wato dai mutum yana kwana a ɗakin da aka yanke masa cibiya, yana ƙidayar kwana kamar mai jiran wa'adi.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. A 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da shirin LEADS, ta yi wa masana mazauna waje tayin tikitin jirgi da masauki da dala 2,500 a wata. A 2013 gidauniyar Carnegie ta kafa nata shirin, mai kawo malamai daga Amurka da Kanada na tsawon kwana 14 zuwa 90. A nan ne zukata suke sosuwa. A 2022, shekarar yajin aikin wata takwas, albashin farfesa bai kai naira 500,000 ba, kimanin dala 1,000 a canjin gwamnati na lokacin. Da aka saki naira a 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, lissafin ya ƙara muni. Allo ɗaya, aji ɗaya, zafin Afrilu ɗaya, lada daban.

Duk da haka ba mu ga dalilin hassada ba. Mai karatu ya tuna hayar gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa ba su san ya zo Bauchi ba, da dala suke jiransa. In an ce ya karɓi naira don kishin ƙasa, an ce kada ya zo ke nan. Abin da ke damunmu shi ne gajartar zaman. Ilimi ba cin kasuwa ba ne da za a watse da la'asar. Digirin dakta shekara uku yake ci in an yi sa'a, baƙonmu kuwa wata uku kawai gare shi. Zai karanta babi na farko, ya kawo littattafan da ba mu da su, ya buɗe wa ɗalibi ido, ranar ta casa'in ya ɗaure kaya. Daga nan sai saƙon WhatsApp, in an sami wuta, in kuma darensa bai faɗa a kan safiyarmu ba. Sauran babi huɗun kuwa, da ɗalibin da ya ɗanɗana wani irin kulawa ya rasa, teburinmu suke dawowa, su hau kan kundaye goma da suka riga su zuwa.