Daura da Ɗakin Ayana

 Yau ina so in kai ku Daura, tushen Hausa, mu zaga gari tare, kana mu yi magana a kan iyalin da suka wayi gari ba su da wurin kwana.

Wadda ta taso daga Kano sai ta bi ta Kazaure, tafiyar mil 70 da 'yan kai. Daga Katsina kuwa wajen mil 50 ne, a yi gabas. Ƙasar rairayi ce, ga gawo da kuka jefi-jefi cikin gonakin gero. Ƙananan hukumomi 5 ke ƙarƙashin Sarkin Daura, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, wadda ta yi iyaka da Nijar.

Kowace baƙuwa rijiyar Kusugu ake fara kai ta, ta leƙa, a ɗebo mata ruwa ta sha. Kun dai san labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da yadda Bayajida ya kashe shi ya auri Daurama. Amma akwai wadda akan manta da ita, watau tsohuwar nan Ayana. Baƙon ya iso da dare, ba shi da kowa a garin, ita ce ta sauke shi. Ashe labarin Hausa Bakwai a ɗakin wata tsohuwa ya soma.

Daga Kusugu sai fada. Ku dubi ginin nan da kyau, gama masu shi ma sun ɗanɗani rashin gida. Cikin 1805, zamanin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka zauna Zango da Baure, ba su komo ba sai da Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Shekara ɗari gidan sarauta na waje. To, wa zai ce shi ya fi ƙarfin wannan jarrabawa?

Yanzu mu shiga lungu. Me ke raba iyali da gidansu? Na farko ruwa. Gidan jan ƙasa yana son yaɓe kowace shekara. In aka yi sakaci, ga kwata ta toshe da leda, marka na sauka sai katanga ta jiƙa ta zube. A Jibiya, cikin jiharmu ta Katsina, ambaliyar watan Yuli na 2018 ta kashe mutum fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ta 2022 kuwa ta raba mutum fiye da miliyan 1 da muhallinsu a Nijeriya. Na biyu yunwa, kamar farin 1973 da 1974 da ya koro mutanen Nijar kudu da 'ya'yansu. Na uku tsoro, kamar yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙasar Batsari da Safana. Akwai na huɗu, wanda ba a jin ƙararsa. Maigida ya rasu, mace ta gama takaba, magada su sayar da gida, ta fito da marayu.

In haka ta auku, ga yadda aka saba a garuruwanmu. Labari ya je wa mai unguwa, shi kuma ya gaya wa liman. Bayan salla liman ya yi wa jama'a magana, wannan ya kawo kwanon gero, wancan tabarma. 'Yan agaji, ko na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, ko na Izala da aka kafa a 1978, su zo su taya kwashe kaya. In ruwa ya ɗauke, samari su yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a ta da bango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Addini kuma ya yi tanadi. Cikin mutum iri 8 da ake ba zakka akwai fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya ƙare masa, kuma manomin damina da amfaninsa ya kai nisabi, ɗaya bisa goma zai fitar. Asalin abin tun Madina ne, a 622, sa'ad da mutanen gari suka raba gidajensu da waɗanda suka yi hijira daga Makka.

Madalla da wannan duka. Amma ga inda gizo ke saƙa. Namiji zai iya shimfiɗa tabarma a masallaci ko a zaure, ya kwana. Mace mai goyo fa, da budurwar 'yarta? Ina za ta yi wanka, ina za ta kafa murhu? Sai a rarraba su, uba a zaure, yara gidan gwaggo, uwa gidan wata. Ko kuma a zuba su a ajin makaranta. Mu malamai mun san ƙarshen wannan, ko karatu ya tsaya, ko a ce su tashi. Masallaci yana iya tara hatsi, amma ɗakin da zai haɗa uwa da 'ya'yanta a cikin gida yake, kuma cikin gida hannunmu yake.

Saboda haka ga shawarata. Kada mu jira marka. Tun da bazara ku dubi unguwarku, ku san gidan wace gwauruwa ce bangonsa ya tsage, ku gaya wa mazanku a taimaka da yaɓe. Ku da ke zuwa Islamiyya, ko kuke cikin ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985, ku ware kwasa ɗaya ta adashi don kuɗin hayar mai bukata. Wadda ke da ɗakin da tarkace kaɗai ke kwana ciki, ta nemi iznin maigida ta share shi. In kin sauke mace, ki ba ta tukunyarta da murhunta, ta dafa wa 'ya'yanta da hannunta. Ki tura yaranta makaranta tare da naki. Ki kuma kame bakinki, gama gori yana ɓata lada, kuma wadda ta rasa gida mutuncinta kaɗai ya rage mata.

Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na wasu, amin. Sai wani mako.