Bisa Dutsin Dogon Dutsi

Matafiyin da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi, in ya wuce Dosso, yakan hangi jan dutsin da garin Dogon Dutsi ya samo sunansa. Kaɗan ke tsayawa, kowa na gaggawar sabgarsa. Amma wanda ya daure ya hau da sanyin safiya, tsakuwa na zame masa ƙarƙashin takalmi, zai ga Dallol Mauri shimfiɗe a gabansa, da gonakin hatsi har iyakar gani.

Sai dai gangaren ya koma tsirara, gatarin masu neman itace ya rage sabara da geza. In damina ta sauka, ba abin da ke tare ruwa. Sai ya kwararo yana yanka kwazazzabai har bakin gidajen jama'a.