Gida a Birnin Kudu

Da wani malami ya yi ritaya daga koyarwa a Kano, bai nemi gida a Dutse ba. Birnin Kudu ya nufa, a kudancin Jigawa, inda ya sami gidan ƙasa mai zaure da bishiyar darbejiya a tsakar gida.

Cinikin ya ɗauki lokaci. Dillali ya karɓi la'adarsa, mai unguwa ya tara shaidu, maƙwabta suka nuna iyaka da kansu, suna tuna wanda ya dasa kowace itaciya. Duk da haka ya nemi takarda a hukuma, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnati, shaidar baki kuwa ba ta isa.

Abin da ya fi kama zuciyarsa duwatsun garin ne. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari a jikin dutse, ga kuma duwatsu masu ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su. Da la'asar yakan kai jikokinsa can.

Matarsa kuwa, asibitin tarayya da ke garin ne ya kwantar mata da hankali.