Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Ranar Asabar 4 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, gari ya waye a Monreyal, birni mafi girma na jihar Kebek ta ƙasar Kanada, da sanyin da ya kusa kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Da asubahin wannan rana wani ɗan Damagaram, wanda ya shekara 14 a can yana aikin lissafin kuɗi, ya buɗe famfo zai yi alwala. Ya tara hannu yana jiran ruwan zafi, ruwan zafi bai zo ba. Abin da ya zubo shi ne ruwan kogin San Loran yadda hunturu ya bar shi, kaɗan ya rage ya daskare. Ya daure ya yi alwalarsa, yatsu suna zogi, ya yi salla, sannan ya sauka ɗakin ƙarƙashin gida ya tsaya gaban tukunyar ruwan zafi, wadda masu Faransanci ke kira shofo. Shekara 7 ke nan da ya sayi gidan, bai taɓa tsayawa ya dube ta da kyau ba sai ranar.

Shofo ganga ce ta ƙarfe mai tsawon mutum. Wadda ake yawan sawa a gidajen Kebek tana cin lita 180 ko 270, kuma da kuran take aiki. Cikinta akwai ƙarfe biyu masu ɗumama ruwa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In na ƙasa ya ƙone, ruwan zafi yakan ragu. In na sama ne, sai ya ɗauke gaba ɗaya. Ana riƙe ruwan a digiri 60, domin in ya yi ƙasa da haka ƙwayar cutar lejiyonela, mai kama huhu, tana iya hayayyafa a ciki. Ɗaga lita 270 daga digiri 5 zuwa 60 yana cin kusan kilowat 17 na awa, shi ya sa ruwan zafi kaɗai yakan lashe wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kuran na gida.

Lokacin da yake haya, irin wannan matsala ba tasa ba ce: doka ta ɗora gyara a kan mai gida. Yanzu kuwa shi ne mai gida. Uwargida ta ɗora manyan tukwane a kan murhu, kamar yadda ake yi a Birni da Zango lokacin ɗari, don yara uku su samu na wanka. Shi kuma ya shiga buga waya. A irin wannan rana masu gyaran famfo ba su zama, saboda ruwa in ya daskare yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, sai ya fasa tiyo a gidaje da yawa. Sai a kira na shida ya samu mai zuwa, kuma tun a waya aka gaya masa cewa zuwan ranar Asabar da awa ta farko dala 180 ne. Dalar Kanada ake nufi, ba dalar kasuwar Dole ba: a lokacin kowace ɗaya tana kusan sefa 450.

Mai gyara ya iso bayan azahar. Ya kashe kuran, ya auna, ya ce ƙarfen sama ne ya ƙone, sabo dala 40. Amma kafin ya kwance komai ya haska tocila a jikin gangar, ya nuna masa shekarar da aka ƙera ta: 2010. Ya bayyana masa cewa cikin kowace shofo akwai wata sandar magneziyom da aka sa domin tsatsa ta ci ta a madadin gangar. In sandar ta ƙare ba a sake ta ba, tsatsa sai ta koma kan gangar kanta. Ya ce kamfanonin asiransi da yawa ba su yarda da shofon da ta wuce shekara 10 zuwa 12, tasa kuwa ta shiga ta 13. Shawararsa ita ce a cire ta a sa sabuwa: dala 1,300 har da aiki, in an ƙara harajin tarayya na kashi 5 da na jiha na kusan kashi 10, ya zama dala 1,495. Wato jika 670 da ɗoriya.

Ɗan Damagaram ya yi shiru. Kuɗin yana da su, amma ba nasa ba ne. Tun bayan damina yake tara dala 1,800 domin a sake rufin ɗakin mahaifiyarsa, wanda azararsa ta fara lanƙwasa, a kuma saya mata kayan azumi, tunda watan Ramadan zai kama a ƙarshen Maris. Ya riga ya yi wa yayansa alkawari, an riga an yi magana da magini. Ya san abin da za a ce a gida in ya fasa: wanda ke ƙasar Turawa, mai gida da mota, ya hana uwarsa rufi saboda ruwan wanka. Saboda haka ya ce a sa ƙarfen kawai. Mai gyara ya rubuta gargaɗinsa a kan faktir, ya karɓi dala 253, ya tafi. Da magariba ruwan zafi ya dawo, maigida yana ganin ya yi dabara.

Amma araha ba ta ado. Kwana 19 bayan haka, ƙaramar ƴarsa ta sauka ɗaukar abin wasa, ta dawo safa jiƙe. Gindin gangar ya huje cikin dare, ruwa ya malale ɗakin ƙasa, ya jiƙa darduma, ya shiga akwatin da ya ajiye littattafansa na lise da hotunan aurensa. Kamfanin asiransi ya nuna masa layin da ke cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu bai karanta ba: ɓarnar tsohuwar shofo ba ta cikin abin da suke biya. Ya biya dala 1,495 ɗin da ya guda, a kan 253 na farko. Jimla dala 1,748, kusan jika 790, ban da darduma. Kuɗin rufi sun tafi, saura dala 52.

Kwana biyu yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Ya yi tunanin cin bashin banki ya rufa asiri, ya yi tunanin ya ce albashi ne ya makara. A ƙarshe ya kira yayansa ya faɗa masa gaskiya, lamba bayan lamba.

«Jika ɗari bakwai don dafa ruwa?» in ji yayan. «Ai nan da itacen dala ashirin an gama.»

«Yaya, nan in ka hura itace cikin ɗaki, ƴan kwana-kwana ne za su zo. Kuma ba ƙarfen ke da tsada ba, hannun mai aikin ne.»

Sai aka miƙa wa tsohuwa waya. Ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

«Jikokina suna wanka da ruwan ɗumi yanzu?»

«Suna yi, Inna.»

«To, Alhamdu lillahi. Amma in tambaye ka: tun da ka sayi gidan nan, sau nawa ka duba tukunyar?»

Bai amsa ba. Ta ce ita ɗakinta, tun tana amarya, ba a taɓa bari damina ta faɗi ba a hau an yi masa yaɓe an share indararo ba, shi ya sa ya kai shekarun da ya kai. Ta ce kowane gida da irin yaɓensa, kuma mai ɗaki shi ya kamata ya san inda yake yoyo, ba baƙon da aka kira ranar Asabar ba.

A bana ɗin ba a sake rufin ba. Yayan da ƙanensu, waɗanda suka daɗe suna barin duk wata babbar hidima ga na Kanada, suka haɗa kuɗi aka tokare azarar, aka yi yaɓe, ɗakin ya ci daminar 2023 lafiya. Kayan azumi kuwa ya aika da su daga albashin Maris. Sai a 2024 aka yi sabon rufi, kuma su uku suka biya.

A jikin sabuwar shofo ya rubuta da baƙin alƙalami ranar da aka sa ta, da shekarar da za a duba sandar magneziyom, da 2033, shekarar da za a cire ta ko da lafiyarta lau. Ya raba dala 1,495 gida 120, ya samu dala 12 da rabi. Kowane ƙarshen wata yana zuba wannan a wani asusu dabam, wanda ba ya taɓawa don biki ko suna. Wannan asusu, uwargida ce ta raɗa masa suna: kuɗin yaɓe.