Riga Ba Ta Karatu

A gefen garin Difa, wajen da hanya take gangarawa zuwa Komadugu, akwai wani manomin tattasai, magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Geskeru, a gaɓar kogi. Bai yi lakwal ba. Da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya koyi haɗa baƙi da wasali, har ya iya rubuta yawan buhunan da ya kai kasuwa. Tun daga nan ba wanda ya ƙara cutarsa wajen lissafi.

Amma yana da ciwo ɗaya a zuci, ciwon kuwa shi ne ɗansa na fari.

An sa yaron lakwal a ƙauyensu cikin 2013. Yana aji na biyu fitina ta iso. Ran 6 ga watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Kafin ƙarshen shekarar, makarantu sama da 150 sun rufe a jahar Difa, yara fiye da 12,000 suka zauna gida. Mutanen gaɓar kogi da yawa suka bar gonakinsu, suka kafa bukkoki a bakin babbar hanyar kwalta. Manomin nan da iyalinsa suna cikinsu. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, abinci ya gagari magidanta. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai.

Duk da wannan wuya yaron bai bar karatu ba. Da aka kafa azuzuwan rumfa a wurin ƴan gudun hijira, ya koma. Yana da ƙoƙari, mushe yana yabonsa. Da ya kai aji na shida, wato CM2, sai aka ce kowa ya kawo takardar haihuwa don a haɗa masa takardun shiga kwaleji. To, a gida aka haife shi, ran suna aka yanka rago, aka ci, aka watse, ba wanda ya je ya rubuta shi. Darakta ya aiko sau biyu. Uban ya ce sai ya gama ban ruwa. Ya gama ban ruwa, tsinkar tattasai ta zo. Ya gama tsinka, lokaci ya wuce. Abokan yaron suka tafi kwaleji, shi kuwa ya shiga tura kurar ruwa cikin gari. Bai taɓa yi wa ubansa magana a kai ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Saboda haka da ƙaramar ɗiyarsa ta cika shekara bakwai, cikin Oktoba na 2023, manomin ya ce ba za a sare shi sau biyu a rami ɗaya ba. Lokacin sun dawo cikin Difa da zama, yana noman wani ɗan fili da ya ara kusa da kogi.

Matarsa ce ta fara ja. Ta ce, "Malam, da wane kaya za ta je? Maƙwabta sun ce sai an ɗinka mata riga da zane iri ɗaya da na sauran yara. Mu da ko kuɗin man injin ban ruwa ba mu cika ba?"

Ya ce, "Bari in je in ji daga bakin mai abu. Jita-jita ba ta cika rumbu."

Da safe ya kama hannun yarinyar, suka tafi lakwal ta unguwa. Iyaye sun yi layi a ƙofar darakta. Da aka zo kansa ya gaisa, ya ce, "Mushe, na kawo ɗiya. Me ake bukata?"

Darakta ya ce, "Baba, abu uku ne. Na ɗaya, shekaru. Yaro mai shekara shida ko bakwai muke ɗauka a aji na farko, CI. Na biyu, takardar haihuwa. Na uku, uba ko uwa ko mai riƙo ya zo da kansa, mu san wanda za mu nema in wani abu ya taso. Makarantar gwamnati ce, ba a sayen gurbi. Namiji da mace duk ɗaya ne."

Ya ce, "Takardar nan ita ce ba ni da ita. A bukka aka haife ta, shekarar gudu."

Darakta ya ce, "Zan rubuta ta yau, ba za mu kore ta ba. Amma kada ka kwanta. Tun da ta wuce lokacin sanarwa, sai ka je wajen alƙali da shaidu waɗanda suka san haihuwarta, ya yanke hukunci, a ba ka takarda. Wani lokaci alƙali yakan fito unguwanni da ƙauyuka don wannan aiki. In ka ji sanarwa a rediyo, ka bar fartanya ka je."

Wannan karon ya bar fartanya. Bayan ƴan watanni takarda ta fito, ya naɗe ta cikin leda, ya sa a ƙasan akwati. A can ya ji abin da ya kamata kowane magidanci ya sani. Dokar da aka yi a Nijar cikin 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Ana sanarwa a gidan likita, ko wurin mai gari, ko a ma'aikatar magajin gari, kuma ba a biyan kuɗin sanarwa. Wanda ya yi cikin kwanakin nan ya huta da zuwa gaban alƙali.

Maganar tufa kuwa, da ya tambaya, darakta ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, a nan ba mu tilasta wa ƴan firamare kaya iri ɗaya. Sai ta kai kwaleji za a yi wannan magana, can ne za a gaya maka launin yadi ka kai wa tela. Mu abin da muke so shi ne tsabta. Ta yi wanka, ta sa kayan da ke rufe jiki, wankakku ko da tsofaffi ne. Ta ɗaura kallabi ko ta sa hijabinta. Ta sa takalmi ko na roba ne, saboda ƙaya da zafin rairayi. Riga ba ta karatu."

Maganar nan ta zauna masa a kai. Da ya koma gida ya maimaita wa matarsa ita. Ta wanke kayan sallar bara, ta rage tsawon zanen, shi ke nan.

A layin nan ne ya san wani Bafillace, makiyayi daga wajen Tumur, wanda ya zo tambaya. Shi damuwarsa daban ce. Ya ce in sun tashi da shanu, wa zai ciyar da yaro? Aka gaya masa akwai makarantu masu kantin a ƙasar makiyaya, inda ake dafa wa yara abinci, iyaye su bi dabbobi, yara su bi karatu. Aka ce ya nemi mai duba makarantun yankinsu ya nuna masa wadda ta fi kusa da rijiyarsu.

Shekara ta farko ta wuce. Ta biyu ta zo da jinkiri, domin a 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗaga buɗe makarantu daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata. Yarinya tana zuwa, tana dawowa da waƙoƙin Faransanci, uwarta tana jin daɗi. Wata rana da dare, cikin 2025, uban ya ɗauki allonta, ya rubuta kalmomi uku masu sauƙi, ya haska tocila ya ce, "Ƴar baba, karanta mini."

Ta dubi allo, ta dubi ubanta. Ta san wasu baƙaƙe ɗaya ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Ta sunkuyar da kai.

Bai yi barci ba. Gari na wayewa ya tafi lakwal da fushinsa. Ya ce, "Mushe, shekara biyu ke nan. Takarda na kawo, tsabta tana yi. Ina karatun?"

Darakta bai yi gardama ba. Ya ɗauko littafin kiran suna, ya buɗe, ya ce, "Baba, ai ka iya karatu. Duba da kanka."

Ya bi layin sunan ɗiyarsa da yatsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu alamun rashin zuwa sun yi jere kamar shuka. Ya ƙirga, ya tuna. Kwanakin tsinkar tattasai ne da shanya. Shi da bakinsa yake cewa ta bi uwarta gona, ai yini ɗaya ba ya hana karatu. Yini ɗaya, yini ɗaya, ga shi sun taru.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma akwai naku. Sau nawa ta je ta dawo da hantsi ta ce malaminsu bai zo ba? Kuma ajinsu na zana bai tashi ba sai da aka yanke kara."

Darakta ya ce, "Wannan kuma namu ne, ban musa ba. Yara sun yi wa malami ɗaya yawa, littafi ɗaya yara da dama suke leƙe. Kuma ba Difa kaɗai ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Akwai wani awo mai suna PASEC da ake yi wa ƴan makaranta a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare, tara ba su kai matsayin da ake so ba wajen karatu. A 2019 abin ya yi sauƙi, ya koma wajen bakwai cikin goma. An ci gaba, amma tafiya tana da saura. Ga shi kuma a 2024 an dawo da jarrabawar ƙarshen firamare, CFEPD, bayan ta yi shekaru a ajiye. Ran jarrabawa ba a duba kyan riga. Takardar haihuwa ce take shigar da yaro ɗaki, karatu ne yake fid da shi.

Manomin ya tambaya, "To, mene ne magani?"

Darakta ya ce, "Kowace lakwal tana da kwamitin iyaye da malamai. Kujerarka tana nan, ba ka taɓa zama a kanta ba."

Ya zauna. A taron farko ya miƙe, ya ba da labarin ɗansa na fari, bai ɓoye laifinsa ba. Wasu iyaye suka sunkuyar da kai, don sun ga kansu a ciki. Aka yi shawara uku. Iyaye za su ajiye zana da itace tun da wuri, rumfa ta tashi kafin ranar buɗewa. Yaro ba zai je gona ranar karatu ba, sai ranar hutu. Malamin da bai zo ba, kwamiti zai tambayi dalili, in ya yawaita a kai magana gaba. Wani saurayi da ya yi lise Idris Aloma ta Difa ya ce zai riƙa zama da yara bayan la'asar, su yi bitar baƙaƙe.

Ba a ce komi ya gyaru ba. Har yanzu aji cike yake, iska tana shiga ta zana. Amma kowane dare manomin yana ɗaukar allo ya rubuta kalma biyar. Ran da yarinyar ta haɗa "ta" da "sa" ta ce "tasa", uwarta ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Wanta yana zaune a bakin ƙofa, ya dawo daga tura ruwa. Bai ce komi ba. Sai ya miƙa hannu ya karɓi allin daga wurin ubansa, ya goge allon da gefen rigarsa, ya rubuta mata kalma ta gaba.

Uban ya tashi ya buɗe akwati, ya duba ledar nan. Takarda ɗaya ce a ciki. Da safe ya kira shaidu biyu, mutanen ƙauyensu na da, ya ce su raka shi wajen alƙali. Suka ce, "Ta wa kuma?"

Ya ce, "Ta babban. An makara, amma ba a rufe ƙofa ba."