Wasiƙar da ba ta da ambulan

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sirrin mutumin Argungu da bai yi boko ba yakan ratsa hannu uku kafin ya isa Kaduna ko Legas: mai rubuta wasiƙa, direban da aka damƙa wa ita a tasha, da wanda zai karanta a can. Ina cikin yaran da tsofaffin unguwarmu ke kira mu yi musu rubutu. Na rubuta maganar bashi, na rubuta ta rabon gado, har da ta yarinyar da ta yi yaji. In an liƙe ambulan sai tsohuwa ta ce, "Ɗana, abin da ka ji a nan, ka bar shi a nan." Kuma a nan yake tsayawa, domin ta san mahaifina, ta san ƙofar gidanmu, kuma a ce ɗan wane ya tona asirin gwaggonsa ya fi bulala zafi.

Da wannan tarbiyya muka shiga shagunan intanet. Da duba sakamakon WAEC da cike fom ɗin JAMB suka koma kan kwamfuta, sai mu hau mota zuwa Birnin Kebbi, mu sayi awa guda, rabinta ya ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. Yaron shago ne ke buɗe wa mutum imel na Yahoo. Shi ke zaɓa masa kalmar sirri, sau da yawa shekarar haihuwa ko lambar waya, ya rubuta a littafinsa don kada a manta. Muka ba shi matsayin mai rubuta wasiƙa. Takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, hoton fasfo, duk muka miƙa ya ɗauka ya tura, kwafinsu na zube a kwamfutar, duk wanda ya zauna bayanka zai iya gani.

Har gobe ina kare yawancin yaran nan, sun riƙe amana bakin ƙarfinsu. Amma a bayansu akwai hannayen da ba su san gidan kowa ba, ba kuma sa jin kunyar kowa. Wani surukinmu ya wayi gari an aika wa duk abokansa saƙo da sunansa, wai ya maƙale a hanya, a taimaka masa da kuɗi. Akwai wanda ya tura, don ganin sunan mutumin da bai taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da ya fi ƙona wa surukin rai shi ne takardun asibitin matarsa da ke cikin akwatin imel ɗinsa. A 2017 kamfanin Yahoo da kansa ya bayyana cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusun masu hulɗa da shi, biliyan uku.

Gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da zamba ta EFCC a 2003, amma dokar kare bayanan jama'a sai a 2023 aka sa mata hannu. Na yi murna da ita, musamman da ta ba mutum ikon neman a goge bayanansa. Sai dai shagunan da muka bar takardunmu a cikinsu yawancinsu sun rufe tun da intanet ta koma cikin waya, kwamfutocin kuma an sayar da su da duk abin da ke ciki. Wa za mu je mu ce ya goge?