Kwana Biyu A Kano Ba Tare Da Yara Ba

'Yar'uwa mai karatu, yaushe rabonki da barcin awa bakwai a jere? Wannan tambayar likita ta yi mini ranar da na kai autana asibitin masu sikila a nan Zariya, na buɗe baki zan amsa, sai na rasa abin faɗa. Shekara tara ke nan ina rainon yaro mai amosanin jini, ga yayyensa biyu, ga koyarwa. Ta sa aka auna ni, aka samu jinina ya hau. Ta ce in sake aunawa a wasu ranakun daban, in ya ci gaba da kai 140 bisa 90 ko fiye, to mai jinya ta zama majinyaciya.

Da na ba aminiyata labari, wadda muka taso tare tun makarantar kwana, ba ta tsaya jajantawa ba. Cewa ta yi, "Ƙawata, ranar Juma'a za mu Kano gidan gwaggona, mu dawo Lahadi. Ba yaro ko ɗaya, nawa da naki."

Na san abin da ya zo miki a rai, domin ni ma shi ya zo mini: wace irin uwa ce za ta bar yaro mai lalura ta tafi shan iska, kuma me dangin miji za su ce? Da nauyin baki na gaya wa maigidana. Ya yi shiru, sannan ya ce in tafi, amma in rubuta masa komai. A nan na gane cewa duk tsawon shekarun nan, ban da ni babu wanda ya san yadda ake kula da yaron. Da ni ce na kwanta ciwo, wa zai tsaya masa? Na daɗe ina ƙorafin an bar mini jinka ni kaɗai, ashe ni ce ban taɓa barin wani ya sa hannu ba.

Na zauna na cika takarda guda. Folic acid kowace safiya, da sauran magungunan da likita ya rubuta, kowanne da lokacinsa. Ruwa a kai a kai, ko bai ce yana jin ƙishirwa ba. Wanka da ruwan ɗumi, rigar sanyi da dare, kwana cikin gidan sauro. Na ja layi a ƙarƙashin abubuwan da ba a jira da su: zafin jiki da ya kai 38, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, kumburin ciki, ɗashewar ido da tafin hannu, raunin wani sashe na jiki. Da an ga ɗaya, sai asibiti, ko tsakar dare ne. Na haɗa takardar da katin asibiti da ma'aunin zafin jiki. Surukata, wadda nake tsoron bakinta, ita ce ta ɗauko jakarta ta zo kwana da jikokinta.

Mun zaɓi Kano ne saboda kusancinta. In ta ɓaci, cikin awa uku na dawo. Daren Juma'a ban tsinana komai ba sai barci. Ranar Asabar muka shiga Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Muka ratsa lungunan Kasuwar Kurmi muna taya turaren wuta, muka tsaya a marinar Ƙofar Mata muna kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, a ɗago shi ya sha iska, a sake tsomawa har ya yi shuɗi. Na ci gurasa bandashe a zaune, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya miƙo hannu. Kada ki raina wannan. Uwa ce kaɗai ta san daɗinsa.

Amma abin da ya fi yi mini magani a kan Dutsen Dala ya faru, bayan la'asar, birni na shimfiɗe a ƙasanmu. Aminiyata ta ce, "To, ke fa, yaya kike?" Kowa lafiyar yaron yake tambaya ta. Sai hawaye. Na faɗa mata abin da ban taɓa furtawa a gida ba: tsoron da nake kwana da shi, da gajiyar da nake jin kunyarta, da zargin kaina da nake yi don ba mu yi gwajin jini kafin aure ba. Ni da maigidana duka AS ne, kuma ba mu san cewa kowane ciki na irinmu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS ba. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta katse ni ba. Saurara kawai ta yi har na gama.

Wajen ƙarfe goma na dare waya ta yi ƙara. Yaron na kukan ciwon ƙafa. Kafin maigidana ya rufe baki na fara tattara kaya. Ya ce in saurara: ya auna shi babu zazzaɓi, ya ba shi maganin ciwon da aka rubuta, ya ba shi ruwa, Hajiya na gasa masa ƙafar da tawul mai ɗumi, mota kuma na ƙofar gida in abin ya ƙaru. Bayan awa ɗaya ya sake kira, yaro ya yi barci. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ji wani abu kamar kishi, sannan na ji an sauke mini dutse daga ƙirji.

In za ki gwada, ki zaɓi lokacin da majinyacinki ke cikin sauƙi, ki shaida wa likitansa, ki tafi wuri na kusa tare da wadda ke riƙe sirrinki. In babu halin tafiya, wuni guda a gidan 'yar'uwa ma hutu ne. Ki kuma sani kwana biyu ba sa maye gurbin magani. Ni har yau ina zuwa awon jinina. In baƙin ciki, da rashin barci, da rashin jin daɗin komai suka kai mako biyu ba su sake ki ba, likita ya kamata ki gani. Ku kuma magidanta, kada ku jira sai ta roƙa, domin da yawa ba za su taɓa roƙa ba.

Takardar nan tana manne a ƙofar ɗakin yara har yanzu, har maigidana ya ƙara layi biyu da hannunsa. Tun daga wancan makon, maganin safiyar Asabar da Lahadi shi yake bayarwa, ni kuwa bayan sallar asuba nakan koma barci.